Ranar da Mati Ya Daina Zagina

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga ɗana Nazifi. Bayan gaisuwa mai yawa da sa albarka, ina roƙon Allah Ya sa ka sauka Zariya lafiya, Ya haɗa ka da abokan zama na kirki, Ya buɗe maka ƙirji a karatun da ya kai ka. Na ba mahaifiyarka wannan takarda ta sa maka a jaka ƙarƙashin ƙullin ƙuli-ƙuli, don na san nan hannunka zai fara kaiwa. Ba labarin gida zan ba ka ba, jiya-jiya ka bar shi. Magana ce da nake ta juyawa a baki tun damina, in na kalle ka sai ta maƙale. Ka san halinmu, uba ba ya iya zama ya tona wa kansa asiri a gaban ɗansa, shi ya sa na nemi biro.

Ranar sunan da aka yi a gidan yayarka, na hango ka kai da Lawan ɗan Baba Mati a benci ɗaya, kafaɗa na gogar kafaɗa, kowa ya sunkuyar da kai a kan wayarsa. Daɗi ya kama ni, na ce a raina ga yara sun fi iyayensu hankali. Sai da yamma ƙanwarka ke gaya min ashe zagin juna kuke yi a dandalin nan na cikin waya, kai kana kare gwaninka na siyasa, shi yana kare nasa, wasu da ba su taɓa taka ƙasar Kura ba suna zuga ku. A kwano ɗaya aka kawo muku tuwon suna, kowa ya ci gefensa. Da na yi maka magana ka ce, "Baba, ai dibet ne kawai." Amma na ji lokacin da kake ce wa mahaifiyarka kanka na ciwo, ka gaji da abin, sai dai in ka ajiye wayar ji kake kamar an bar ka a baya. Na san wannan gajiyar, Nazifi. Na riga ka ɗanɗana ta, kuma ta ci min abin da har in mutu ba zan iya mayarwa ba.

Kai ka tashi ka ga ni da Baba Mati muna gaisawa a mutunce, har kana iya zaton haka muke tun asali. Ba haka muke ba. Mati taubashina ne, ɗan Goggo Yalwa ƙanwar babana. Ni ɗan namiji, shi ɗan mace, don haka a al'ada ni ne ubangida shi ne bawa, kuma ba maganar da ta fi ƙarfin ya yaɓa min. Tun muna yawo ba wando bai taɓa gaishe ni ba. In ya hango ni da safe sai ya ce, "Kai, har yanzu ba ka mutu ba? Yaushe zan ci gadon wannan gajeren wuyan?" Ni kuma in ce masa bawa ba ya gado, ya zo ya ɗauki takalmina. Duk watan cika-ciki zai zo da tsintsiya wai ya yi wa ubangidansa shara, sai ya tattaro ƙurar ƙofar gida ya turo min cikin zaure, ya miƙa hannu a sallame shi.

Ba ni kaɗai yake yi wa ba. Liman ya taɓa tsawaita huɗuba, da aka fito Mati ya tare shi ya ce, "Allah gafarta Malam, an gode. Tumatir ɗin da na dasa kafin ka fara har ya nuna." Liman ya yi dariya har rawaninsa ya karkace, kuma Juma'ar da ta biyo baya da wuri muka koma gona. Wata rana kuma maƙwabta biyu suka zare wa juna fartanya a kan wanda zai fara ban-ruwa. Muna ta ba da haƙuri ba wanda ya saurare mu. Mati ya tuɓe riga ya shiga ƙaramar hanyar ruwan ya kwanta a gicciye, ruwa ya tsaya cak, ya ce, "To, yanzu ruwan nawa ne. Wanda zai sara ya sare ni, sai dai ku sani rabona da wanka tun ƙaramar sallah, duk albasar da ta sha wannan ba za ta sayu ba." Fartanyu suka sauka. A lokacin ban ɗauki wannan a bakin komai ba, shashanci kawai nake gani.

Sai siyasa ta dawo, wayar salula ta shigo, gidajen rediyo suka buɗe fili ga masu baki. Ni kuwa Allah Ya ba ni baki. Wani ɗan takarar majalisa, wanda muke kira Onarabul tun kafin ya ci, ya ji ni ina magana a wajen mai shayi ya ce irina yake nema. Haka na zama sojan bakinsa. Ya saya min waya, da ya ci zaɓe ya ba ni kujerar Makka. Da na dawo kowa na ce min Alhaji, Mati kuwa ya raɗa min Alhajin Fosta, wai fosta na liƙa har ta kai ni Arfa. A lokacin wayar ba ta kama sabis sai a kan kwalbatin babbar hanyar ruwa. Nan za ka gan mu da yamma, namu a gefen gabas, na ɗaya jam'iyyar a gefen yamma, kowa ya ɗaga waya sama yana jiran saƙon tes ɗin da zai ƙara masa haushin na kusa da shi. Mati ya wuce a kan keke ya ce mun yi kama da masu roƙon ruwa da suka manta addu'ar.

Kakar da ta gabaci zaɓe na biyu, tsuntsaye jan-baki suka yi wa shinkafa rubdugu. Mati ya ɓanɓaro fostar Onarabul da ta abokin hamayyarsa, ya liƙa kowacce a ƙwarya, ya sa musu tsummokaran riguna, ya kafa mutum-mutumi biyu a gonarsa, ɗaya a wannan kusurwa ɗaya a waccan. Duk wanda ya tsaya kallo sai ya ce masa, "Na ba su aiki tun kafin su ba ni. Kuma wallahi suna yi, tsuntsu ma ya san fuskar da ba a amince mata." Ranar kasuwar Bunkure mutane har ratsowa suke yi su gani. Magoya bayan ɗaya ɗan takarar ma dariya suka yi. Ni ne ban yi ba. Saƙonni suka yi ta shigo min a waya daga mutanen da ban san fuskarsu ba: ɗan'uwanka ya ci mutuncin maigida kana kallo, ko dai kai ma munafuki ne? Na karanta na sake karantawa har jinina ya tafasa, na manta cewa mutum-mutumin biyu ne.

Wannan shi ne kuskurena na farko, kuma daga shi sauran suka tsiro. Ka kiyaye shi. In aka yi wa gwaninka ba'a ka ji ƙirjinka ya yi zafi kamar uwarka aka zaga, to ka tsaya ka tambayi kanka me ya same ka. Mutumin da ke neman ƙuri'arka ba annabi ba ne, in an sa shi korar tsuntsu ba abin da ya ragu a jikinsa. Duk taron da ka shiga ka tarar ba a iya yi wa shugabansu dariya, ka nemi takalminka tun da wuri.

Na biyu ya fi muni. Yaran Onarabul suka ɗauke ni a mota zuwa Kano aka sa ni a filin siyasa na rediyo. Ka san dangin uban Mati Maguzawa ne, babansa ne ya musulunta kafin ya auri Goggo. Sau ba adadi na ce masa jikan mashaya burkutu, shi kuma ya ce kakansa da tulun giyarsa ya fi kakana na wajen uwa da mudunsa gaskiya, mu tuntsire da dariya a gaban kowa. Wannan maganar dai na ɗauka na kai gaban lasifika. Na ce akwai wani a garinmu mai sassaƙa gumaka yana wulaƙanta bayin Allah, amma ba mamaki, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, kowa ya san kakansa bai taɓa sa goshi a ƙasa ba. Ban ambaci suna ba, amma daga Kura har Madobi ba wanda bai gane ba. Goggo Yalwa tana zaune a tsakar gida tana tsince shinkafa, rediyo a gefenta, ta ji ɗan yayanta da ta goya yana faɗar haka. Har ta koma ga Allah ba ta taɓa tayar min da zancen ba.

Ka lura da kyau, Nazifi, don nan ne abin ya shafi wayarka. Kalmomin ba su canja ba. Abin da ya canja shi ne babu fuskata a tare da su, babu tasa, babu damar ya rama nan take mu tashi kunnen doki. Maganar da za ka faɗa wa mutum kana dafe da kafaɗarsa ta zama wasa, ita ce in ka aika ta ta iska za ta isa a matsayin wuƙa, kuma dubban kunnuwa za su taya shi jin zafinta. Ni sau ɗaya a mako nake samun lasifika na yi wannan ɓarnar. Kai taka lasifikar tana aljihunka, da ita kake kwana da ita kake tashi. Magana zarar bunu ce, ku kuwa yanzu kun mayar da zarar sana'a.

Duk da haka Mati ya bar min ƙofa a buɗe. Kashegari ya same ni a wajen mai shayi cikin yaran jam'iyya, ya ce, "Ubangida, na ji ka jiya. Muryar nan kamar an taka agwagwa. Nawa suka biya mutane su saurare ka?" Idonsa ya yi ja, amma bakinsa na murmushi. Da na ce masa ko da "tafi can, bawan banza" ne, da magana ta mutu a wurin. Sai na kalli yaran da ke kallona, na gyara zaman hula na ce, "Mati, ka iya bakinka. Ni yanzu ba sa'an wasanka ba ne." Ya ajiye kofin da bai kai baki ba, ya hau kekensa.

Sai na uku. A ranin nan ni ne shugaban masu ban-ruwa na layinmu, mabuɗin ƙofar ruwa a hannuna yake. Gonata tana farkon layi, ta Mati tana can wutsiya, sai kowa ya sha ruwa ke isa gare shi. Tumatir ɗinsa ya fara fure, lokacin da ba ya jure ƙishi. Saƙo ya zagayo a wayoyinmu cewa kada wanda ya shayar da maƙiyi. Ranar da rabonsa ya zo na ce ƙofa ta cije, sai ma'aikata sun zo. Da rabon ya sake zagayowa na sake cewa haka. Furen ya bushe ya zube, ƙasar fangalin ta tsattsage. Ya zo ya same ni a bakin ƙofar da rana tsaka, ya kalli kwaɗon, ya kalle ni. Na shirya jin zagi, har na tanadi amsa. Sai ya cire hula ya ce, "Alhaji, in da hali a taimaka. Iyali ne da ni." Alhaji kawai, ba fosta. Na buɗe ƙofar a take, amma gawar tumatir ruwan ya je ya tarar.

Ba ni da wata hikima da zan ciro maka daga wannan. Zalunci ne, na yi shi da hankalina, ina azumin nafila ina sallah a sahun farko. Abin da kawai zan ce, ba rana ɗaya mutum ke kai wa nan ba. Kullum ana ɗura maka cewa waɗancan ba mutane ba ne, da safe a rediyo, da rana a waya, da yamma a majalisa, har ranar da za ka riƙe mabuɗi ka ga ba laifi. Kai ma wata rana za a ba ka mabuɗin wani abu, ko da na ɗakin karatu ne. Ina tsoron abin da wayar nan za ta riga ta mayar da kai kafin ranar.

Ka san yadda ta ƙare da manyan? Ba a yi shekara da zaɓe ba Onarabul ya sauya sheƙa ya koma jam'iyyar abokin hamayyarsa, aka nuna su suna rungume da juna. Lambarsa ta daina shiga. Mu kuwa da muka yi faɗan har yau majalisarmu biyu, mai shayinmu biyu. Gayyar da muke yi duk shekara mu yashe hanyar ruwa ta mutu, don waɗannan ba sa shiga taɓo ɗaya da waɗancan. Ciyawa ta cinye rabin hanyar, 'yan wutsiya yanzu sai sun yi hayar inji. Ni kuma na wayi gari na gaji. Kunnena ya gaji, idona ya gaji, na gaji da tashi da haushin mutanen da ban san ko suna raye ba. Na daina zuwa rediyo, wayar ma sai in masu sayen tumatir za su kira. Ba wanda ya zo ya tambayi dalili, wani mai baki suka ɗauka a makon.

Na je na ba Mati haƙuri, ba sau ɗaya ba. Na je ni kaɗai, na je da liman. Ya ce, "Ba komai, Alhaji. Allah Ya yafe mana baki ɗaya." Kuma na yarda ya yafe, don ba ya ƙarya. Yana zuwa jana'izarmu, yana zuwa sunanmu, in ya gan ni shi ke fara gaisuwa har da rusunawa. Cika-ciki ya zo ya wuce, ya sake zuwa ya wuce, zaurena tsaf ba wanda ya turo masa ƙura. Ba ni kaɗai ya daina yi wa wasa ba, garin duka ya daina wa. An ce faɗan da ya fi ƙarfinka ka mai da shi wasa, to mu yanzu ba mu da mai mayar mana. Bara an sari wani a kan ruwa a layin da ke bayan namu, Mati na tsaye a gonarsa yana kallo, bai ko motsa ba. Ni na kashe wannan bakin, kuma gari ne ke biyan diyya.

Watan jiya na dawo daga ɗaurin aure da babbar riga, na ce bari in ratsa in duba dashen albasa. Ina tsallaka katakon da ke kan hanyar ruwa ƙafata ta zame, na faɗa tsamo-tsamo, riga ta lulluɓe min kai, hula ta bi ruwa. Da na yaye rigar sai ga Mati a kan gaɓa da masu yi masa dashe. Nazifi, da can wannan faɗuwar abincin shekara ce a wurinsa, har waƙa sai ya yi mata. Wallahi ban yi ƙoƙarin tashi ba. Na zauna cikin taɓo ina kallonsa, ina cewa a raina yau dai, yau dai ba zai iya daurewa ba. Na ga gefen bakinsa ya motsa. Wani cikin masu dashen ya fara ƙyaƙyatawa, Mati ya juya ya harare shi har ya yi shiru. Sannan ya sauko ya kama hannuna ya fitar da ni, ya bi hular ya tsamo, ya matse ta, ya miƙo min da hannu biyu. Ya ce, "Sannu, Alhaji. Tsautsayi ne. Ba ka dai ji ciwo ba?"

Na ce masa ban ji ba. Na zo gida na shiga ɗaki na yi kukan da ban yi ba ranar da aka binne babana. Mahaifiyarka ta zaci ƙashi ne ya karye.

Ba zan ce ka jefar da waya ba, na san ba za ka yi ba, zamanin ma ba zai bar ka ba. Kuma ba na ganin abin zai yi sauƙi, gaba ma sai ya fi haka, don yanzu kowane yaro sojan baka ne ba tare da an ko ba shi kuɗin mota ba. Amma in ka ji gajiyar nan ta zo, kada ka danne ta, ita ce sauran lafiyar da ta rage maka. Kife wayar ka fita ka nemi mai rai. A makarantar nan ka nemi abokin da ba ya ganin girman gwaninka, ba ya ganin naka, wanda zai yi maka dariya a fuska, ka riƙe shi da kyau ko da kullum sai ya ɓata maka rai. Lawan kuma kada ka rubuta masa komai, ko ban haƙuri ne. Zumunci a ƙafa yake. In ka zo hutu ka taka ka same shi, ka tsokane shi a kan ƙeyarsa ko tafiyarsa, ka tsaya ya rama. Ban sani ba ko zai karɓa. Watakila mun riga mun ɓata muku, amma ku har yanzu zagin juna kuke yi, ba ku kai ga gaisuwa ba.

Allah Ya tsare min kai a hanya da masauki, Ya kare ka daga sharrin baki da na yatsa, naka da na wasu. Allah Ya ba ka ilimi mai amfani, Ya dawo mana da kai lafiya. Mahaifiyarka da ƙannenka suna gaishe ka. Ka riƙe sallah a kan lokaci, in ka ɗaga hannu ka sa ni a ciki. Kada ka wahalar da kanka roƙa min arziki ko tsawon rai. Ka roƙa min Allah Ya sa kafin a ɗauki ɗayanmu zuwa makwanci, Mati ya kalle ni ko sau ɗaya ne ya zage ni.

Wassalam.

Ni ne mahaifinka,
Garba